Wace lida za ka ɗaura wa maski: waya guda, murɗaɗɗiya, taitaniyam ko fulorokabon?

Duk wanda ya taɓa cire ƙugiya daga bakin tsage a Kogin Kwara ko Binuwai ya san abin da haƙorin kifi ke yi wa zare. Maski ba dangin tsage ba ne, amma wajen haƙori ba su da maraba. Dogon kifi ne mai baki kamar na agwagwa, wanda ke zaune a Amurka da Kanada, a tafkunan Minesota da Wiskonsin da Ontariyo, da tafkin St. Clair da Kogin St. Lawrence. Jihar Wiskonsin ta ɗauke shi kifin jiha tun 1955. Babbansa yakan wuce inci 50, kuma wanda Cal Johnson ya kama a tafkin Lac Courte Oreilles a 1949 ya kai laba 67 da oza 8, wato sama da kilo 30. Masuntan can suna yi masa kirari da kifin jifa dubu goma, don sai ka wuni kana wurga koto kafaɗa ta yi tsami ba ka ga ko inuwarsa ba.

To ranar da ya zo, abin da ke tsakanin haƙorinsa da zarenka shi ne lida, ɗan guntun nan da galibi bai fi tsawon kamu guda ba da ake ɗaurawa tsakanin zare da koto. Zaren da ake amfani da shi kitsattse ne mai ɗaukar laba 80 zuwa 100, wanda zai iya ja da ɗan maraƙi, amma da ya goga da haƙorin maski sai ya tsinke kamar zaren ɗinki. Shi ya sa ba a muhawara kan ko za a sa lida. Muhawarar ita ce wace iri, kuma saya za ka yi ko haɗawa da hannunka.

Abubuwan da nake aunawa

Na farko kowa ya san shi: shin haƙori zai yanke ta? Na biyu shi ne wanda sabon shiga ke mantawa, wato yadda lidar ke barin koto ya yi rawarsa. Koton maski iri-iri ne, kuma lidar da ta dace da wani tana iya kashe wa wani motsi gaba ɗaya. Na uku, wanda a wurina ya fi sauran nauyi: in ta ji ciwo, tana nunawa ko ɓoyewa take? Lida ba ta cika mutuwa saboda kifi ya fi ƙarfinta ba. Maski mai laba 40 ba ya tsinka waya mai laba 174 da ƙarfin tsiya. Abin da ke faruwa shi ne ta riga ta raunana a wani wuri, a lanƙwasa ko a mahaɗi, mai ita bai lura ba. Sai kuma kuɗi, da sauƙin haɗawa a gida.

Akwai na ƙarshe da bai kamata a tsallake ba, lafiyar kifin. Kusan duk maskin da aka kama mayar da shi ruwa ake yi. A yawancin ruwayen Minesota doka ba ta ma yarda ka tafi da shi gida ba sai ya kai inci 54, kuma ƙungiyar Muskies Inc., wadda aka kafa a 1966, ta daɗe tana koya wa mutane sakin kifi. Lidar da ta tsinke ta bar koto mai ƙugiyoyi tara a maƙogwaron kifi, ba asarar kuɗi kaɗai ta jawo ba, wataƙila kifin ta kashe.

Waya guda ta ƙarfe mara tsatsa

Ita ce tsohuwar hannu. Sili ɗaya ne na ƙarfe, ana sayar da shi a naɗe, kuma kamfanoni irin su AFW da Malin suna sa masa lamba. A wayar AFW, lamba 10 tana ɗaukar laba 124, lamba 12 laba 174, lamba 15 laba 240. Ga maski, lamba 12 ce tsaka-tsaki. Abin lura a nan, ba don kifin ya kai wannan nauyi ake zaɓar mai kauri ba, don ta tsaya ƙyam ne kada ta lanƙwashe.

Wannan tsayuwa ita ce amfaninta mafi girma. Akwai koton da ake fizga da kan sanda, ya zame hagu, ya zame dama, wani lokaci ya wuce gaban zaren ma. In lidar mai laushi ce, sai koton ya hau kanta, ƙugiyar gaba ta sarƙe da ita, ka janyo shi a karkace kamar tsumma. Jifar nan ta tafi a banza. Waya guda kuwa tana tafiya gaban koton kamar sandar makaho, ba ta yarda ya cim mata. Haka take yi wa koton katako irin Suick, wanda ake yi a garin Antigo na Wiskonsin, mai nutsewa ya taso, da kuma koton saman ruwa mai tafiya yana kaɗa kai.

Haƙori ba ya yi mata komai. Kuɗinta kuma ba ya taka kara ya karya: naɗi mai ƙafa 30 bai kai dala 10 ba, kuma in kana yankar inci 20 don kowace lida mai inci 12, za ka fitar da guda 18. Ƙarafan da za ka liƙa a bakinta biyu, wato majuyi mai hana zare murɗewa a sama da maɓallin rataya koto a ƙasa, sun fi wayar kanta tsada.

Aibinta ɗaya ne, gwiwa. In kifi ya yi birgima a cikin raga, ko koto ya maƙale a dutse ka fizgo, wayar takan yi lanƙwasa mai kaifi. Lanƙwasa mai faɗi kamar baka ana iya miƙar da ita da yatsu a ci gaba. Amma in ta yi gwiwa, ƙarfen ya riga ya gaji a wurin, miƙarwa ƙara masa gajiya take yi. Yanke ta ka jefa a akwati. Abin da ya sa nake girmama wannan waya shi ne ba ta munafunci, ciwonta a fili yake, ko da asuba ne kafin gari ya waye yatsanka zai ji shi.

Haɗa ta ba ya bukatar komai sai filaya da haƙuri. Ka zura bakin wayar cikin idon majuyi, ka lanƙwaso shi ya zama ɗan zobe, ka gicciya silin biyu su buɗe sosai kamar almakashi. Riƙe zoben da filaya, sannan ka murɗa silin biyu tare, kowanne yana naɗe ɗan'uwansa, sau huɗu ko biyar. Wannan shi ne murɗin da ake kira hewaya, kuma shi ke ɗaukar nauyi. Kuskuren da kowa ke yi da farko, har da ni, shi ne ya bar sili ɗaya a miƙe ya naɗa ɗayan a kansa. Wannan zai iya zamewa. Bayan murɗin, ka lanƙwasa saurar wayar ta tsaya a gicciye, ka naɗa ta a matse sau huɗu, kowane naɗi na jingine da na bayansa kamar zoben azurfa. Daga nan kada ka yanke ragowar da filaya. Filaya tana barin ɗan tsini da zai tsaga maka yatsa ranar da hannunka ya yi sanyi, ya kuma riƙa kwaso ciyawa. Lanƙwasa ragowar ta zama kamar hannun injin markaɗe, ka riƙa kai ta gaba da baya har ta ƙarye da kanta daidai gindin naɗin, sumul. Daga lamba 15 zuwa sama yatsu ba sa iyawa da daɗi, sai da filaya mai zagayayyen baki ko ɗan abin murɗa waya irin na Du-Bro.

Murɗaɗɗiyar waya: mai sili 7 da mai sili 49

Wannan ƙananan silla ne aka tufka kamar igiya. Mai 7 tana da ɗan tauri, mai 49 kuwa laushinta ya kusa na zare, har akwai wadda ake ƙullawa. Wasu suna zuwa da rigar leda a kansu.

Ba ta yin gwiwa da wuri kamar waya guda, amma tana nannaɗewa ta zama kamar wutsiyar alade bayan kifi ɗaya ko biyu, kuma sillanta suna tsinkewa ɗaya bayan ɗaya. In ba ta da riga, za ka ji sili ya soke ka, ka san lokaci ya yi. In tana da riga, ɓarnar tana iya ɓuya a ƙarƙashi. Ga koton fizga ba ta da amfani, sarƙewa za ta yi ta yi. Inda ta yi fice shi ne lokacin kaka, Oktoba zuwa Nuwamba, sa'ad da ake rataya kifi mai rai a matsayin koto, da ƙugiyoyi a jikinsa yadda za a soke maski nan take kafin ya haɗiye. A nan ana son waya mai laushi da za ta bar kifin koton ya yi iyo. Masu kama maski da koton gashin tsuntsu mara nauyi su ma mai sili 49 suke nema, don tana ƙulluwa. Kuɗinta ya ɗara na waya guda kaɗan, kuma sai ka tanadi ƙananan bututun matsewa da filayarsu.

Taitaniyam

Ainihinsa gami ne na nikel da taitaniyam, wanda aka gano a wani ɗakin binciken sojan ruwan Amurka wajen 1960. Ka lanƙwasa shi yadda ka ga dama, ka sake shi, ya koma miƙe. Yana da ɗan talewa kamar roba, ba ya tsatsa, ba shi da nauyi. Lida ɗaya tana iya kama kifi da yawa ba ta canza kama ba. Wanda ya gaji da canza waya bayan kowane kifi, in ya ga wannan sai ya ce ya huta.

Ni ma haka na ce. Na sayi biyu haɗaɗɗu a wani shago, kuɗin kowace ya isa in haɗa waya guda masu yawa, na yi kaka biyu da ɗaya daga cikinsu. Wata safiya a watan Oktoba muna tafkin Vermilion na Minesota da ɗan yayata, ruwa ya yi sanyi har zare na ɗaukar ƙanƙara a zoben sanda. Kifi ya biyo koton roba har gindin jirgi. Na tsoma kan sanda na fara zana takwas a ruwa, yadda ake yi don a ja hankalin wanda ya biyo, a juyi na biyu ya kai cafka. Na ɗaga sanda, na ji nauyinsa na daƙiƙa ɗaya, sai sanda ta miƙe. Yaron yana riƙe da raga, ya ce, "Kawu, ya tafi ne?" Na janyo, na ga lidar a miƙe tas kamar sabuwa, sai dai ta ƙarye daidai bakin bututun da aka matse. Da safen nan na shafa ta da yatsa, ban ji komai ba, domin babu abin ji.

Halin wannan ƙarfe ke nan. Yana gajiya a ciki, musamman inda aka matse shi, ba ya kuma nuna alama. Ba na cewa kada a saye shi. Mutane da yawa suna amfani da shi lafiya lau. Amma sai ka sa masa wa'adi da kanka, ka canza shi ko yana sheƙi, kuma wannan yana rage ribar daɗewar da ka biya kuɗi dominta. Haɗa shi a gida ma yana da wuyar sha'ani. Ba ya karɓar murɗin hewaya, warwarewa yake. Yana da santsi, yakan zame daga bututu in ba a zura shi sau uku ba, in kuma ka matse da yawa ka raunana shi. Akwai siriri irin Knot 2 Kinky da ake ƙullawa, ƙullin ba ya zama a matse kamar na zare amma yana riƙewa.

Fulorokabon

Ba waya ba ce, amma ba yadda za a yi wannan zance a bar shi, don a yau jirage da yawa shi ke ɗaure a sandunansu. Kamfanin Kureha na Japan ne ya fara fitar da zaren kamun kifi na fulorokabon a 1971 da sunan Seaguar. Ana tallarsa da cewa kifi ba ya ganinsa, saboda yadda yake karya haske ya kusa da na ruwa, 1.42 a kan 1.33. Ni dai ina ɗaukar wannan magana da taka-tsantsan. Mai laba 130 ya fi milimita 1 kauri, ga majuyi a sama, ga maɓalli a ƙasa, ga koto mai tsawon tafin hannu biyu yana ƙara. Kifin da bai tsorata da waɗannan ba, ban ga dalilin da siririyar waya za ta kore shi ba. A ruwa garai-garai, rana tsaka, wataƙila yana taimakawa.

Amfaninsa na gaskiya wani ne daban. Ba ya yin gwiwa, don haka koton roba mai nauyi irin Bull Dawg, wanda ke wuntsilawa a iska ya lanƙwasa waya, ba ya yi masa komai. Yana tafiya daidai da koton gashi mai faifai biyu masu juyawa irin Double Cowgirl, wanda ake janyowa a miƙe. Sannan in ana jan koto a bayan jirgi, maski yakan yi birgima ya naɗe lidar a jikinsa. Doguwar waya tana yanka masa fata ta kankare masa ɓawo, fulorokabon mai kauri kuwa ba ya yi masa wannan illa sosai.

Haɗarinsa a bayyane yake: haƙori yana iya yanke shi. Ba kullum ba, amma yana faruwa, musamman in an yi ƙasa da laba 100. Ni ba na sauka ƙasa da 130. Dutse ma yana cinsa, haka ƙaramar ƙumbar nan mai zane kamar jakin dawa da aka fara gani a tafkin St. Clair a 1988 ta kuma bazu a ruwaye da yawa. Sai dai shi ma yana faɗin gaskiya. Bayan kowane kifi ka ja shi tsakanin farce biyu, in ka ji kaushi ko tsaga, ya gama aiki. Ya fi waya guda tsada nesa ba kusa ba.

Wajen haɗawa, ka zaɓi bututu mai ido biyu wanda ya yi daidai da kaurinsa, ba wanda yake yawo a ciki ba. Ka zura, ka kewayo ta idon majuyi, ka dawo ta ɗaya idon. Kafin ka matse, ka kusantar da bakin ragowar ga wutar laita har ya narke ya yi ɗan kai kamar na ƙusa, ka bari ya huce, ka janyo shi ya zauna a bakin bututun. Ko matsin ya yi sako-sako, wannan kan zai hana zamewa. Matsewa kuma da filayar da aka yi don wannan aiki, mai rami a baki biyu, ba filayar gyaran keke ba. Ka bar bakin bututun biyu a ɗan buɗe, kada ka matse har ƙarshe, in ba haka ba gefen ƙarfen zai zama wuƙa a kan zaren.

| Iri | Kuɗi | Daɗewa | Haɗawa a gida | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|
| Waya guda | Mafi araha | Har ta yi gwiwa | Filaya kawai | Ƙaryewa a lanƙwasa |
| Murɗaɗɗiya | Araha | Matsakaici | Bututu, ko ƙulli | Tsinkewar silla, sarƙewa da ƙugiya |
| Taitaniyam | Mafi tsada | Yana daɗewa | Da wuya | Ƙaryewa ba alama |
| Fulorokabon | Da tsada | Har ya yi tsaga | Bututu da filayar matsewa | Haƙori da dutse |

Ƙarafan baki biyu, da tsawo

Da yawan kifin da ake cewa lida ce ta zubar, maɓalli ne ya buɗe. Ɗan ƙarfen nan da ake buɗewa a rataya koto, kullum ana buɗe shi ana rufewa, yana gajiya, kuma maski yana iya matse shi da muƙamuƙi ya ɓalle. Irin Stay-Lok ya fi na gama-gari aminci, amma shi ma ka canza shi da zarar ka ji ya yi laushi a hannu. Mafi aminci duka shi ne ka cire maɓalli, ka sa zobe rufaffe a bakin lidar, ka haɗa shi da koto ta zobe mai tsaga. Canza koto zai ɗauke ka rabin minti da filaya, shi ke nan farashin. A sama kuma majuyi mai ƙananan ƙwallaye a ciki, irin na Sampo, shi ya dace da koto mai juyawa. Ga koton fizga, wasu ma ba sa sa majuyi, zobe kawai, don a rage nauyi a hancin koton. A nan ne araha ba ta ado, kada ka yi tsimin dala ɗaya.

Tsawo: inci 12 ya wadatar ga yawancin jifa. Ga babban koton roba da kifi ke haɗiyewa ta kai, inci 14 zuwa 18. In ta fi haka, za ta dame ka wajen zana takwas, majuyi ya riƙa bugun zoben kan sanda har ya tsaga shi, tsagaggen zobe kuwa cin zare yake. Ga ja a bayan jirgi, ƙafa 3 zuwa 4 ko fiye.

Kowace ka haɗa, ka rataya ta a ƙusa mai ƙarfi, ka sa safar hannu, ka ja da nauyin jikinka kafin ta shiga akwati. Lokacin kamun maski a Minesota yana buɗewa Asabar ta farko a watan Yuni ya rufe 1 ga Disamba, saboda haka akwai wata shida na zaman gida. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ni a Janairu nake baza kayana a teburin kicin, in haɗa na shekara.

Wa ya kamata ya ɗauki wace

In yanzu ka fara, sandarka ɗaya, kotonka bai fi biyar ba, sayi naɗin waya guda lamba 12, da majuyi da maɓalli masu kyau, ka ɓata ƙafa biyar wajen koyon murɗi. Za ta yi maka aiki da kusan kowane koto, kuma ba za ka ji zafin jefar da wadda ta lanƙwashe ba.

In koton fizga da na saman ruwa ne abin sonka, waya guda ce dai, har ma mai kauri, lamba 15, gajera, da zobe maimakon maɓalli.

In yawancin wuninka koton gashi da manyan robobi kake wurgawa, fulorokabon mai laba 130 zuwa 150, da sharaɗin za ka riƙa shafa shi bayan kowane kifi da kowane karo da dutse. Wanda ya san ba zai tuna ba, ya zauna a kan waya.

Mai ja a bayan jirgi a buɗaɗɗen ruwa irin St. Clair, dogon fulorokabon. In kuwa kotonka yana karo da duwatsu masu ƙumba, doguwar waya ta fi jurewa.

Mai rataya kifi mai rai a kaka, murɗaɗɗiya, kuma sabuwa a kowace kaka.

Taitaniyam na wanda ke kama kifi da yawa ne a rana, kamar inda ƙananan dangin maski ke yawan kai wa koto hari suna lanƙwasa waya, kuma yake da tsarin rubuta ranar da ya ɗaura ta. Ɗayar da ta rage mini tana nan a akwati cikin ledarta, ina amfani da ita ne kawai da ƙananan koto a farkon Yuni.